Gugan Rezo

A ƙauyen da malam Yakuba, Mushe Yakuba a bakin ɗalibai, ke koyarwa, can cikin karkarar Garagumsa, rezo, wato sabis ɗin waya, ba ya saukowa ƙasa. Yana saman wani gawo a bayan kolej. Tun da aka gano haka aka rataya igiya da guga a babban reshe: mutum ya danna saƙonsa, ya sa salula cikin guga, ya ja sama, ya zauna jira.

Ran Alhamis ɗin nan Yakuba ya zo gindin gawon da shafi huɗu na rubutun Ramlatu, ɗalibarsa da ta fi kowa. Wata ƙungiya ce ta sa gasa, wanda ya ci za a ba shi gurbi a lise, babbar sakandare, a Zinder har da wurin kwana. Ƙarfe huɗu na ranar ake rufewa, kuma ta intanet kaɗai ake karɓa. In wannan ta wuce Ramlatu, karatunta ya tsaya, don ba ta da mai riƙe ta a birni.

Ya ɗauki hoton shafukan, ya danna aikawa. Sai idonsa ya faɗa kan saƙon Alkasum da ke jira tun jiya.

Alkasum taubashinsa ne. Benci ɗaya suka zauna a lakwal, kuma Yakuba ne ke yi masa lissafi. Da aka raba wuraren aiki, aka jefo Yakuba nan, shi ko Alkasum ya faɗa wata babbar makaranta a Zinder, mai kuran, wato lantarki, da wifi. Bidiyo ne ya turo, bai buɗe ba tukuna, a ƙarƙashinsa an rubuta: “Mushen guga, ga sabon ɗakin ordinatarmu.”

Yakuba ya ja tsaki. Ya ce a ransa ba zai kalla ba. Amma kafin ya sa salular cikin guga, yatsansa ya danna bidiyon.

Ramlatu, da ta biyo shi, ta kama masa igiya suka ja. Da suka sauke, bidiyo ya shigo cif, megan intanet ya ƙare, shafukan nan huɗu suna nan inda suke. Uku da kwata. Mai sayar da mega ya tafi Takieta, direktan kolej mai babbar waya ma haka, sauran wayoyin garin duk ƙanana ne.

Abin haushi, sai da ya kalli bidiyon. Yara jere, kowa da injinsa na kwamfuta, fanka na juyawa a sama, Alkasum na yawo tsakaninsu da hannu a aljihu.

“Mushe, ya tafi?” in ji Ramlatu.

Yakuba ya duba wayar. Mintocin kira kawai suka rage masa, kuma ba a magana daga cikin guga. Ya cire takalmi, ya cusa takardun a riga, ya kama gawon. Ƙaya ta yage masa wando kafin ya kai reshen. Daga nan ya kira Alkasum.

“A'a, Mushen guga! Ka ga bidiyon?”

“Na gani. Zauna gaban injinka, zan karanta maka rubutu ka buga, ka aika wa masu gasa.”

“Yau kai ne da roƙo? Kana ina nake jin iska haka?”

“Ina ofis. Buga.”

Ya soma karantawa, hannu ɗaya rungume da reshe. Labarin uwar Ramlatu ne da yadda take matse man gyaɗa. Ta cikin waya yana jin ƙas-ƙas ɗin madannai, yana jin fankar nan. A shafi na uku ƙas-ƙas ya tsaya.

“Yakuba, tsakaninka da Allah, daga ina ta kwafo wannan?”

“Da wane rezon za ta kwafa?”

Alkasum ya ce, “Nawa su sha biyu suka shiga. Duk daga net suka kwaso, uku ma iri ɗaya sak. Ka san in na aika wannan na kayar da su?”

Daɗi ya ratsa Yakuba har tafin ƙafa, sai tsoro ya biyo baya. Ramlatu na ƙasa, ta sake jan gugan sama, ta ɗaga kai, igiya a hannu.

“Ɗan birni, lissafin da na yi maka shekara huɗu fa?”

“Bawa ba ya yi wa ubangidansa gori. Ƙarasa.”

Huɗu saura bakwai Alkasum ya ce, “Ya tafi.” Sannan ya yi dariyar nan tasa. “Ka san lisen da ake ba da gurbin? Namu ne. In ta ci, ajina za ta shigo. Zan turo maka bidiyonta.”

Yakuba ya kashe wayar. Ya leƙa ƙasa ya ce, “Ya tafi, Ramlatu.”

Ta saki igiya ta ruga gida, gugan ya faɗo ƙasa tim. Shi ko ya daɗe a kan reshen yana cire ƙaya daga tafin hannu, yana addu'ar ta ci, yana jin haushin addu'ar.