Raɓar Azahar a Tarauni

Shekarar da sojoji suka koma bariki aka miƙa wa farar hula mulki, an yi bazarar da ko ƙadangare ba ya hawa katanga da rana. Amma a layin gidan babana, Malam Tanko, can Tarauni, raɓa ke sauka da azahar. Wallahi raɓa! Sama tas babu gajimare, ka shafa hularka ka ji ta jiƙe.

Bayan katangar layin akwai kamfanin robobi. A cikinsa akwai wata hasumiyar ƙarfe mai ƙatuwar fanka a ka, inda ake zuba ruwan da ya ɗauko zafin injina don ya huce. Fankar ta watso feshi, iska ta ƙetaro da shi. Dattijan layin kuwa, Baba a gaba, suka naɗe tabarminsu daga gindin darbejiya suka shimfiɗa a gindin katangar. Sun samu sanyi kyauta, wa ya isa ya tashe su?

Ni a Gyadi-Gyadi nake aure, nakan leƙo gida. Tun farko abin bai kwanta mini ba. Feshin yana da ƙarni kamar randar da aka manta ba a wanke ba. Tsuntsu ba ya sauka a katangar nan. Ga ƙugin fankar ba ya yankewa, har ka daina jinsa a kunne ka koma jinsa a haƙora.

Sai tari ya shigo majalisar. Mai goro ne ya fara, tari da zazzaɓi, kafin Juma'a ta zagayo an kai shi makwancinsa. Ladan ya bi. Tela ya bi. Duk wanda aka ɗauke, na kusa da shi ya matsa ya zauna a gurbinsa, tunda a nan feshin ya fi sauka.

Wata ma'aikaciyar duba-gari, Madam Clementina, ta zo da abokan aikinta suka hau hasumiyar. Da ta sauko ta tsaya a ƙofar gidanmu, hankici a hanci.

Ta ce, "Baba, ruwan can ya yi kore, ba a taɓa wanke wurin ba. Ƙwayar cuta kuke shaƙa. Mun kashe fankar sai an wanke an zuba magani."

Na yi hamdala har da guɗa. Ashe murna za ta koma ciki. Zafi ya dawo layin, dattijai suka fusata. Rannan na tarar da Baba a tsakar gida yana saɓa babbar riga.

"Baba, don girman Allah ina za ka?"

"Wurin kansila. Yanzu ba zamanin soja ba ne da za a zo a kashe mana abu babu shawara. Mu muka zaɓe shi."

"Mutanen da aka binne fa, Baba?"

"Kwanansu ne ya ƙare, Asabe. Ke kin taɓa jin inda sanyi ya kashe mutum a bazara?"

Ya sa kai ya fice. Kansilan sabon shiga ne, ko kujerarsa bai ɗumama ba, ga dattijai cike da ofis, ga mai kamfani yana ta aike. Ya buga tebur ya ce muryar talaka ce, dole a ji ta. Aka ɗauke Madam daga unguwar. Fanka ta tashi, ba wanda ya wanke komai.

Baba ya dawo gida kamar wanda ya ci yaƙi. Bai jima ba ya fara tarin. A asibiti ya riƙe hannuna, ƙirjinsa na kuka, yana ta roƙon a buɗe taga. Da hantsi ya cika. Na yi kuka, ina kukan ina jin haushinsa.

Aka zauna makoki, mata a cikin gida, maza a waje. Na aika wa maigidana, Baban Safiya, cewa kada a kuskura a shimfiɗa a gindin katangar nan. Amsa ta dawo cewa baƙi sun zo daga Darmanawa da Unguwa Uku, har da na ƙauye, ba za a zaunar da mutanen kirki a rana ba alhali ga sanyi, kuma ai nan ne wurin marigayi. Baba bai bar ɗa namiji ba, sai aka zaunar da maigidana a gurbinsa yana karɓar gaisuwa.

Na yunƙura zan fita, gwaggona ta damƙe mini mayafi.

"Ke! Cikin maza, ana makokin ubanki? Zauna, kada ki ja mana abin faɗa."

Na zauna. Kullum in aika in roƙi maigidana ya bar wurin, kullum ya ce kunya ba za ta bar shi ya tashi ba sai an yi bakwai.

Ranar sadakar bakwai liman ya ɗaga addu'a, ciki da waje aka yi tsit, sai ƙugin fanka kawai. Cikin shirun nan wani ya yi tari a waje, busasshe, ya sake yi. Mata suka shafa fatiha. Ni hannuwana suka tsaya a sama, don ko cikin mutum dubu na san tarin mijina.