Matakalar Gulzar Mai Alewa

A tsohon birnin Lahore, duk mai kiwon tattabaru ya san Ustad Inayat bai taɓa hawa matakalar kowa ba. Ƙa'idar masu kiwo ce: in garke biyu suka cakuɗe a sama, kowa ya yi fito ya sauke nasa, duk tsuntsun da ya bi baƙin garke ya zama na mai soron. Mai son nasa sai ya hau da ƙafarsa, da kwalin alewa a hannu, ya kira wanda ya kama da "Ustad" a gaban jama'a. Inayat ya ci alewar mutane har haƙoransa sun gaji, shi kuwa bai taɓa sayen ko ɗaya ba.

Duk cika bakin nan albarkacin Badal ne, wani namiji ruwan toka mai jan garkensa. Inayat yana son tsuntsun nan so na gaske. A tafin hannu yake ba shi gero da man shanu, ran da ya ƙi ci kuwa gidan ba mai sakat.

Wata la'asar ya kaɗa gorarsa mai tsumma, garkensa ya afka cikin na Gulzar mai alewa, wani matashi a ƙarshen layi da bai daɗe da fara kiwo ba. Da suka sauko sai ga baƙuwar tattabara a cikin nasa, fara fat, mai dogon wuya, tana taku ɗaiɗai.

Inayat ya leƙa ta katanga ya ƙwala kira: "Gulzar! 'Yarka tana nan. Ka zo da alewar jalebi mai zafi, ban son na jiya!"

"Bar ta ta huta a wajenka, Baffa," in ji Gulzar daga soronsa. "Gwiwa ke damuna."

Shamshad, matar Inayat, ta ɗago daga shanyar barkono. "Baban Rukhsana, an kama wa mutum tsuntsuwa yana washe baki haka? Ni abin bai kwanta mini ba."

"Ke dai ji da barkononki."

Ya ɗaure mata fiffike da zare kamar yadda ake yi wa baƙuwa har ta saba. Ba a je ko'ina ba Badal ya rikice. Ya kumbura wuya, ya yi ta zagaya ta yana guɗa, inda ta sa ƙafa nan yake sa tasa. Ko ɗan koyo ya san ba a kwance wa mace sai ta yi ƙwai a akurkinka, ya kuma san gab da ta yi ƙwan namijinta ba ya barin ta ko nan da can. Inayat da kansa ya koya wa rabin unguwar haka.

Amma ranar Juma'a, a teburin mai shayi, Gulzar ya ce a gaban kowa: "Na ji har yanzu tana ɗaure. Ba laifi, Baffa, tsoro halak ne."

Da yamma Inayat ya tsinke zaren, ya saki garken.

Ko zagaye ba ta gama ba ta miƙe sak ƙarshen layi, Badal a bayanta. Inayat ya yi fito har leɓensa ya bushe. Sauran garken suka dawo, banda shi.

Ya ƙi abinci, ya ƙi hira. Geron Badal ya kwana a aljihunsa. Daga ƙarshe Shamshad ta miƙa masa hularsa. "Tashi ka je. Ba zan yi zaman makoki saboda tsuntsu mai rai ba."

Abin takaici, shagon alewa ɗaya ne a layin. Gulzar da kansa ya cika kwalin, har da ɗaure shi da jan zare.

"Wa za a kai wa, Baffa?"

Inayat ya karɓi kwalin ya nufi matakalar soron Gulzar. Gulzar ya riga shi hayewa a guje, gwiwa ta warke sarai.

Soron cike yake da masu kiwo, kowa ya gimtse dariya. Inayat bai ga kowa ba sai Badal, kwance a kan ƙwai a akurkin wani, amaryarsa a gefe. Zuciyarsa ta karye. Ya miƙa kwalin.

"Ustad Gulzar," ya ce, "a ba ni tsuntsuna."

Gulzar ya ɗauko shi da ladabi, ya sa masa a hannu biyu. Badal ya yi ta mutsu-mutsu, wuyansa a juye yana kallon ƙwan. Nan Inayat ya gane: ran da duk ya sake shi, nan zai dawo.

Gulzar ya buɗe kwalin ya gatsa jalebi.

"Kada ka damu, Baffa. Kullum muna soya sabo."