Yadda Ɓauna Ta Koyi Shan Kwana

Daren jiya Sallau bakanike ya yi wani mafarki, irin wanda mutum ke tashi ya zauna bakin gado yana duban tafin hannunsa.

Sallau mutumin Funtuwa ne. Shekarunsa sittin da uku, kuma fiye da arba'in daga ciki a ƙarƙashin mota ya yi su. A bayan garejinsa akwai wata tsohuwar motar Amurka mai dogon hanci da fulogi takwas, wadda ya gada daga maigidansa da ya koya masa aiki, marigayi Alhaji Barau. Ɓauna ake ce mata, don in ta miƙe ba mai tare gabanta, in kuwa aka zo kwana sai dai addu'a. 'Yarsa Hansatu, wadda ta karanta injiniya take aiki a Kaduna, ta zo hutu da wata takarda cike da zane. So take a rage wa motar tsayi, a canja mata giya da birki da aksil ɗin tayoyin baya, ta shiga da ita gasar nan da ake jera robobi masu tsini a fili, mota ɗaya tana ratsa su ana duba agogo. Sallau ya ce ko noti ɗaya ba mai taɓawa. Da ta nace, ya ce mata ilimin takarda bai taɓa kwance taya ba. Ta ninke takardarta, ta ce da safe za ta koma. Da wannan ya kwanta.

Sai ga shi zaune cikin Ɓauna da rana tsaka, a wani fili mai faɗi shafe da kwalta, jajayen robobi jere ko'ina. Can ƙarshen filin Hansatu na tsaye da jakarta, kusa da wata bas da teloli huɗu ke ɗinkawa. Sun gama gaba, sun fara gefe. Sallau ya san da an gama ɗinkin za ta shiga ta tafi, ya kuma san akwai maganar da ya kamata ta ji daga bakinsa kafin nan.

Ya taka totur. Ɓauna ta yi gurnani, ta miƙe sak, kafin ya ƙifta ido ga shi a inda ya taso. Ya sake, ya sake dawowa. A karo na uku wata zabuwa cikin kakin aiki, da usur a wuya, ta leƙo ta taga.

"Baƙo ne kai ko?"

"Baƙo ne, ranki ya daɗe."

"Shi ya sa. A ƙasar nan wanda ya miƙe, gida yake komawa. Sai ka bi kwana."

Ta ɗebo wani abu kamar soyayyar gyaɗa ta cika masa aljihu. "Daƙiƙoƙinka ne. In sun ƙare, sun ƙare."

Ya yi godiya, ya nufi kwanar farko. Ɓauna ta kwanta gefe ɗaya kamar kwale-kwale a tsakiyar kogi, bayanta ya zo ya wuce hancinta, ta kwashe robobi bakwai. Robobin suka tashi, suka karkaɗe jikinsu, suka zo suka gaishe shi, suka tambayi iyali. Sannan kowace ta sa hannu a aljihunsa ta ɗauki daƙiƙa biyu.

"Ka yi haƙuri, Baba," in ji ta ƙarshe. "Haka dokar take."

Sai ga su a asibiti. Ɓauna na zaune a benci tana jiran layi, tsakanin wani keken ɗinki mai ciwon baya da injin ban ruwa da ke ta tari. Likitan raƙumi ne, da farar riga wadda aka huda wa tozo. Da layi ya zo kansu, ya kara kunnensa a jikin sifirin ɗin da ke ɗauke da nauyin motar, ya daɗe yana saurare.

"Tun yaushe take tsaye haka?"

"Tun da aka ƙera ta, likita."

"Ta yi tsayi. Ni da kake gani, in zan yi abin da ke buƙatar natsuwa, durƙusawa nake yi." Ya juya ga motar. "Duba ni, baiwar Allah."

Ya lanƙwashe gwiwoyin gaba, sannan na baya, ya sauka a hankali. Ɓauna ta kalle shi, ta gwada, ta sauka da kamar yatsu uku.

"Ya isa haka. In ta wuce nan cikinta zai riƙa gogar ƙasa."

Ya rubuta mata magani: shokazoba huɗu masu tauri, da sandar ƙarfe da za a ɗaura tsakanin ƙafar dama da ta hagu, don in ɗaya ta so kwantawa ɗayar ta riƙe ta. Sallau ya buɗe baki zai ce ba a taɓa motar nan. Sai ya hango filin ta tagar asibitin. Telolin sun gama gefe ɗaya, suna saka zare a allura. Ya haɗiye maganar, ya miƙa hannu aka ba shi sufana.

Yana cikin ɗauri hadari ya taso daga ƙarƙashin ƙasa. Ruwa ya fara tsattsafowa daga kwalta yana hawa sama, ƙanana da farko, sannan manya. Mutane suka juya lemarsu suka tsaya a ciki. Ruwan ya ɗaga Ɓauna daidai tsayin mutum ya riƙe ta a nan. Sallau ya ji daɗin wannan, don ba buƙatar jak, kuma rabonsa da aiki a tsaye ba tare da bayansa ya yi ƙara ba har ya manta. Matsalar ɗaya ce: duk notin da ya suɓuce masa sama yake faɗawa, sai ya cafe shi da hula.

Da ya zo kan giyabos sai hannunsa ya tsaya. Wannan mai giya uku, Alhaji Barau ne ya ɗaura shi da hannunsa. Sallau ya kwance murfin kawai, don ya duba. A ciki akwai ɗan ɗaki da tabarma, Alhaji Barau na zaune yana shan kunu, haƙoran giya na juyawa a hankali bisa kansa.

"Maigida!"

"Sallau, shigo ko ka fita, kana zubar mini da mai."

Sallau ya durƙusa a bakin ƙofa. Ya ga tsohon bai canja ba, har baƙin ƙumbar nan ta babban yatsa tana nan.

"Na riƙe amana, Maigida. Ban bar kowa ya taɓa aikinka ba."

"Wane aiki? Wannan? Na wata tsohuwar a-kori-kura ne. Nata na asali ya fashe tun kana wanke mini sufana. Na cire na yar, na sa abin da na samu." Ya kurɓi kunu. "Shekara talatin ina zaune a nan ciki saboda ka hana a buɗe. Ƙafata duk ta yi tsami."

Sallau ya cire hula don ya goge fuska, sai takardar Hansatu ta faɗo daga ciki. Alhaji Barau ya ɗauka, ya buɗe, ya bi zanen da yatsa, layi bayan layi, yana gyaɗa kai.

"Wa ya yi wannan?"

"Hansatu ce."

"'Yar jaririyar nan da na yi wa huɗuba?"

"Ita, Maigida."

"Ka ga nan? Ta lura da farfela mai kai ƙarfi ga tayoyin baya za ta yi tsawo in aka sa sabon giya, ta rubuta a rage ta. Kai da sai ka ɗaura ka ga ba ta shiga ba, sannan ka zo kana zagin mai sayarwa." Ya miƙa masa takardar. "Da na samu mai yi mini irin wannan, da ban sha wahalar da na sha da kai ba. Matsa in wuce."

Tsohon ya fito, ya miƙe, ƙasusuwansa suka yi ƙara. Ya juya lemarsa ya tsaya a ciki, ruwa ya ɗauke shi sama a hankali, da kofin kununsa a hannu. Bai waiwayo ba. Sallau ya bi shi da kallo har ya zama ɗigo.

Sabon giyabos mai giya biyar ya zo da ƙafarsa. Ya yi sallama, ya cire takalmi, ya shiga mazauninsa. Sallau ya auna farfela da zanen, ya rage daidai yadda aka rubuta, ta shige ba gardama.

Ruwa ya ɗauke, motar ta sauko, sai ga su a kasuwa. Nan ne tayoyin baya suka fara cacar baki, mutane suka taru. Ta dama ta ce duk sanda aka zo kwana ita ke ɗauke da nauyi, amma ba a ba ta ƙarfi. Ta hagu ta ce ita ake tura wa ƙarfin duka, tana ta juyawa a banza har ta yi hayaƙi, ba wanda ya taɓa ce mata sannu. Ashe rabonsu da gaisawa tun kafin a haifi Hansatu. Sallau ya duba takarda, ya ga abin da ta ce a sa a tsakiyar aksil, wanda in taya ɗaya ta fara zamewa zai raba ƙarfin da 'yar'uwarta. Ya samo shi wurin wani mai kayan miya, ƙarƙashin tarin albasa. Da ya ɗaura, sai ta dama ta ce, "Ina gajiya?" Ta hagu ta ce, "Ba gajiya."

Saura birki. Takarda ta ce a cire gangunan a sa faifai. Wata mai fura ta ji shi yana karantawa, ta ɗauke faifai huɗu daga kan ƙwaryoyinta ta ba shi.

"Ka dawo mini da su kafin ƙuda ya gane," in ji ta.

Sai ga shi a filin kuma. Telolin sun gama komai, ƙofa kawai ta rage, ɗaya na riƙe da maɓalli a baki. Sallau ya shafa aljihu. Abin da ya rage bai cika tafin hannu ba.

Zabuwa ta hura usur. Ya sa giya ɗaya, ya sa biyu. Ɓauna ta shiga kwanar farko a daidaice, ba ta kwanta ba, bayanta bai wuce hancinta ba. Amma hannun Sallau shekara arba'in miƙaƙƙiyar hanya ya sani. Ya zuba ido a robar da ke gabansa don kada ya taka ta, ya kuwa je ya taka ta. Ta tashi, ta gaishe shi, ta ɗauki biyu.

"Baba, ka daina kallon wadda ke gabanka. Kalli ta uku."

Ya juya. Hansatu ce zaune a kujerar gefe, ta ɗaura bel. Ya duba ƙarshen filin, tana can ma tsaye da jakarta. Bai ga abin mamaki a wannan ba.

Ya gwada kallon ta uku, idonsa ya ƙi. Sai ya ji sitiyarin ya yi sako-sako a hannunsa, yana zamewa a hankali kan dashbod zuwa wajenta, yadda ake tura wa baƙo kwanon abinci. Totur da birki da kuloci suka bi shi a layi. Yana iya riƙewa in ya so. Ya duba yatsunsa, ya buɗe su.

Hansatu ta kama sitiyarin. Ta taka totur. Tana taɓa birki kafin kwana, ta sake shi, ta juya sitiyari sau ɗaya tak, sannan ta ba da mai a lokacin da motar ke fita daga kwanar. Ɓauna ta bi ta tsakanin robobi dama, hagu, dama, kamar macen da ta san ɗakinta a duhu. Robobin suna tsaye suna ɗaga musu hannu, ba wadda ta faɗi. Sallau ya ji tayoyin baya suna ja tare. Ya ji injin yana wata murya da bai taɓa ji ba duk zamansu, ba gurnani ba, wani abu kusa da dariya. Ya riƙe ƙofa da hannu biyu, yana jin tsoro, yana kuma fatan kada filin ya ƙare.

Suka tsaya cak a gaban bas. Kujerar direba ba kowa. Hansatu na tsaye a waje, ƙafarta ɗaya a kan matakala, tela na yanke zare da haƙori. Sallau ya fito da gudu, ya lalubi aljihu, ya samu daƙiƙa ɗaya ta maƙale a ɗinki. Ɗaya ta isa. Ta juyo tana dubansa. Ya buɗe baki zai faɗa mata, sai abin da ya fito ya zama garrrr, garrrr, garrrr.

Injin markaɗen maƙwabta ne. Gari ya waye, hasken safe ya shigo ta labule.

Ya daɗe zaune a bakin gado. Can ya jiyo ana jan akwati a tsakar gida. Ya fita ko takalmi bai sa ba. Hansatu ta durƙusa ta gaishe shi, idonta a ƙasa.

"Abin nan na tsakiyar aksil," in ji shi, "da kika ce yana raba wa tayoyi ƙarfi. Ban taɓa ɗaura irinsa ba. Ki nuna mini kafin ki tafi."

Ta ɗago kai. "Baba, ai wannan aikin kwana uku ne."

"To wa ya kore ki?"