Fingin Turai

Shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, ciwo ya shiga kajin Kurugu. Daga fadama ya faro. Masu ban ruwa suka riƙa tsintar balbelu a kwance bakin rafi, wuya a murɗe. Kyanwar gidan liman ta jawo ɗaya ta ci, kwana biyu ita ma ta miƙe ƙafa. Daga nan sai akurki. Kaza ta kwana lafiya, da safe a ganta ta saki fukafukai, tukku ya yi baƙi, majina na zuba. Maza suka dinga yawo da wuƙa a aljihu don kada a yi mushe.

Laure ba ta da kaji da yawa, guda ɗaya ce tak, wata fingi mai gashi a hargitse. 'Yarta Turai ce ta rene ta tun tana 'yar tsako, kafin zazzaɓin damina ya ɗauke ta tana shekara tara. Abin da ya rage mai numfashi wanda hannun Turai ya taɓa ke nan.

Laure ta kasa zama. Ta jiƙa ɓawon maɗaci ta ba ta, ta zuba barkono a ruwan shanta, ta barbaɗe akurki da toka. Ta shiga ɗaki ta fito, ta ɗaga kazar ta duba idonta, ta ajiye, ta sake ɗagawa. Da ta ji kajin maƙwabta sun ƙare ƙarƙaf, sai ta yi abin da ta ga iyayenta suna yi in annoba ta shigo gari: a gudu da kaza wurin dangi, inda iska take da lafiya.

Ranar kasuwar Rogo ta sa fingi a kwando, ta rufe da tsohon zane, ta hau babbar mota. Duk hanya hannunta na cikin kwandon.

Yayarta Saude ce ke aure a Rogo, gidanta cike da kaji da zabi, har ƙwai ake zuwa saye. Bayan an gaisa an sha ruwa, mijin Saude, Ɗantala, ya leƙo ya ga kwandon.

"Ƙanwata, tsarabar tawa ce wannan? Ko tsefe mata kai ba ki yi ba?"

"Ajiya na kawo, Malam. Ciwo ya hana mu sakat."

Dariyarsa ta tsaya. "Daga cikin ciwon kika ɗauko ta?"

"Lafiyarta ƙalau. Dubi yadda take tsattsaga."

"Kai dai da tsoro," in ji Saude. "Kazar marigayiya ce. In ban karɓa ba, wa zai karɓa? Sake ta, Laure."

Aka sake ta. Nan take ta nufi kaskon ruwa ta sa baki tare da sauran.

Laure ta koma gida, amma hankalinta bai koma ba. In ta sa tukunya sai ta manta gishiri. Duk wanda ya fito daga Rogo sai ta tare shi da tambaya. Kwana shida ta kasa daurewa, ta sake hawa mota.

Tun daga zaure ta ji gidan shiru. Babu kukan zabuwa ko ɗaya. Tsakar gida an share, gashin kaji tsibi guda a gindin katanga. Saude na zaune kan turmi, ta rafka tagumi. Can gefen rumbu kuwa ga fingi ita kaɗai, tana tonon ƙasa.

"Yaya, ina kajin?"

"Sannu da hanya. Kin sha rana."

"Yaya Saude, ina kajin?"

"Bakwai muka samu yankawa. Sauran Malam ya binne a bayan gida. Ciwon ya shiga gidan maƙwabcinmu Barau ma, da na kusa da shi."

Laure ta durƙusa a inda take. Ta so Saude ta zage ta, ko ta ɗaga murya. Saude ba ta yi ba, sai ma ta tura mata kwanon fura.

Ɗantala ya shigo, bai yi wasan da ya saba ba. "Mutanen unguwa sun zo mini sau biyu," ya ce. "Na ce ajiya ce, ba na taɓa ta sai mai ita ta zo. To, ga ki. In za ki tafi da ita, tafi da ita yau."

Laure ta kama kazar ta rungume. Ta tuna da ƙanwar babansu a Tudun Kaya, ita ma tana da kaji. Har ta jawo kwando. Sai ta dubi tsibin gashin nan, ta dubi yayarta, ta saki kwandon. Babu gidan da za ta kai ta.

Ta daɗe tana shafa gashin da bai taɓa kwanciya ba. Sannan ta miƙa wa Ɗantala.

"Malam, wuƙarka da kaifi?"

"Da kaifi."

"To a yi a waje. Ku ba wa gidan Barau naman."

Ya fita da ita. Laure ta zauna ƙasa kusa da turmin, Saude ta matsa ta kama hannunta, suna jin Ɗantala a zaure yana neman wanda zai riƙe masa.