Golan Farko

Othman ya haura shekara saba'in da biyar, kuma a unguwar Nuzla, can ƙasa mai tsarki, aka haife shi, amma iyayensa 'yan Kano ne. Yana saurayi shi ne golan wata ƙungiyar ƙwallo, tun ana buga ta a kan yashi babu takalmi. Da aka zo tsara gasa ta sosai, mai alƙalin wasa da rajista, sai manyan ƙungiyar suka ce takardunsa ba su cika ba. Aka ba wani rigarsa. Shi kuma ya koma masana'anta yana lodin kaya har bayansa ya ranƙwafa.

Wata ranar Laraba wani matashi mai suna Mazen ya kira shi a waya. Ya ce shi jikan Badr ne, kyaftin ɗinsu na da. Ƙungiyar za ta karrama waɗanda suka kafa ta a filin wasanta ranar Asabar, kuma kakansa ya taɓa ce masa Othman ne golansu na farko.

'Yarsa Zaituna ta ji komai daga kicin. Ta fito tana goge hannu.

"Baba, iƙamarka, takardar zamanka a ƙasar nan, ta mutu tun rasuwar kafilin da ya tsaya maka. Wurin nan cike zai kasance da 'yan sanda."

"Ni aka kira, Zaituna. Da sunana."

"In suka riƙe ka fa? Ina za su kai ka? Kano ɗin da ba ka taɓa gani ba?"

Ranar Asabar bayan la'asar ya sa farar jallabiya ya ce, "Yalla, mu tafi." Ta ɗauko mota ranta a jagule.

Daf da filin suka tarar da layin motoci, 'yan sanda na duba katin shaidar kowa. Othman ya zura wa wurin ido. Saura mota biyu ya ce, "Halas, shi ke nan. Juya."

Ta juya. Suka tsaya gefen wani kanti, ya sa ta kira Mazen don ko muryar Badr ya ji. Mazen ya miƙa wa Badr wayar. Othman ya gaishe shi, ya faɗi sunansa, ya sake faɗi da ƙarfi.

"Wane Othman?" in ji Badr.

Mazen ya karɓi wayar yana ba da haƙuri, ya ce kakan nasa ya fara mantuwa tun bara. Zaituna ta tada mota. Suka kama hanyar gida.