Lemon Tsakanin Katangu

"Fili naka, ruwa da taki nawa," in ji maƙwabcina, wanda muke kira Injiniya ko da yake direban tanka ne a ma'aikatar tace ruwan kwata. "Sharaɗi ɗaya: in wani ya riga mutuwa, ɗayan ya ci gaba da ban-ruwa."

Na dube shi, na dubi kaina. Na girme shi nesa ba kusa ba, ga hawan jini. Ni da na tsufa a dillanci, nan take na miƙa hannu.

Filin ɗan lungu ne tsakanin katangata da tasa, ba komai sai tsakuwa da ledoji. Washegari ya kawo buhunan baƙin taki, wai lakar da ke kwantawa ce in an tace ruwan, a busar, a gwada. Matata ta toshe hanci tun ba a kwance buhu ba. Ya damƙo ya miƙa mata. Ta shinshina, ta ce ƙanshin ƙasa yake, amma dai kada ya taɓa mata ƙofa.

Ya dasa lemo a jere. Ma'aikatar tana ba masu shuka tataccen ruwan, shi kuma yana cika mana duro, yana ja mini kunne cewa na shuka ne, ba na shayi ba.

Dashen na kamawa, shi yana ramewa. Da ya kwanta, matarsa ta faɗa mini likita ya gaya masa komai tun kafin mu ƙulla cinikin.

Na shiga ɗakinsa. An juya gadon yana kallon tagar da ke wajen lungun.

"Injiniya, ashe ka cuce ni."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Dillali, sau ɗaya dai a yi maka wayo. Na ƙarshen can yana son inuwa, ka kafa masa buhu."

Da hantsi Injiniya ya cika, lemon na fure.

Bayan nan wani ya zo yana son lungun ya gina shago, da tayi mai tsoka. Na ce an riga shi. Abokan aikin marigayi har yau su ke cika duron.

In lissafi za a yi, unguwa ta samu inuwa, matarsa ta samu lemo, mai shago ya rasa. Ni kuwa, da aka yi wa wayo, kullum da yamma ina lungun da bokiti, gwiwa na ƙara, jikar Injiniya tana biye da ni da ɗan kofinta.