Fuskar Ya Falmata a Jikin Bango

Mu uku ne a aikin. Ni Magret na karanci zamantakewar al'umma, Felix shi ne na kwamfuta, sai Dakta Jawahir shugabarmu, mace mai kai kamar me. Wata gidauniya ce ta ce za ta ba da kuɗin somin-taɓi ga malaman jami'a da suka haɗu daga fanni daban-daban, su binciki ko sababbin na'urori suna yi wa kowa adalci. Mu abin da muka ɗauko shi ne na'urar tantance fuska, wadda in ta ga tsagar gado a kumatu sai ta rikice ta ce ba ta san mutum ba. In mun samu, aiki ya tashi. In mun rasa, kowa ya kama gabansa.

Hoton da ya fi kowane nuna matsalar na mahaifiyar Jawahir ne, Ya Falmata, Babarbariya mai tsaga zara-zara da ke zaune a unguwar Kwaciri. Ga shi kuma gidauniyar ta hana sa dangi a bincike. Jawahir ta ce, "Wa zai sani?" Felix ya sosa ƙeya. Haka muka sa hoton cikin aikin.

Abin da Jawahir ta manta shi ne ta riga ta faɗa wa uwar tata cewa ranar Talata za a nuna hotonta gaban manya a wani otal a Sabon Gari. To jama'a, ka gaya wa matan Kwaciri 'yarsu tana da taro, sannan ka zaci za su zauna a gida? Ai wannan biki ne!

An kashe fitilu saboda majigi. Da Hausa ake bayanin, domin an gayyato 'yan kasuwa daga Kwari da Bata. Ina zaune a gefe sai ƙamshin turaren wuta ya doki hancina. Na waiga. Mata ne cikin laffaya iri ɗaya suna sulalowa kujerun baya, ɗaya riƙe da kular abinci, Ya Falmata a tsakiyarsu tana gyara mayafi. Na yi wa Jawahir alama da ido, na yi tari, ina! Ta riga ta ɗau zafi.

Fuskar ta fito a bango, ta cika shi fal. Jawahir ta sassauta murya ta ce, "Wannan wata baiwar Allah ce da muka tsinta a layin banki. Ba ta da kowa, ba ta da mai tsaya mata. Na'ura ma ta ƙi ta."

Wata daga baya da ta ɗaga hannu za ta rangaɗa guɗa ta sauke shi a hankali.

Aka kunna fitila. Shugaban alƙalan da gidauniyar ta turo, Farfesa Toma, dattijo ne mai lura. Ya dubi bango, ya dubi kujerun baya, ya sake duban bango. Ya ce, "Ikon Allah, ashe tana nan. Inna, sannu da zuwa. Akwai wata alaƙa tsakaninki da Dakta?"

Jawahir ta bi idonsa da kallo, sai a lokacin ta hango uwar tata. Ni kuwa kunya ta sa na ƙura wa takalmina ido kamar yau na saye shi.

Ya Falmata ta miƙe. Matar da duk unguwa ake kiranta raba gardama saboda ba a taɓa kama ta da ƙarya ba. Ta dubi 'yarta sau ɗaya, ta ce, "Babu, Malam. Yadda ta faɗa haka ne."

Ta zauna har aka tashi, ta yi tafi inda aka yi tafi. Sannan suka fita a jere, suka tari adaidaita, ba wadda ta ce mana ci kanku.

Mun samu tallafin. Felix ne ya kira ya faɗa, muryarsa kamar mai sanar da rasuwa. Ba wanda ya yi wa wani barka.

Jawahir ta roƙe ni in raka ta gidan uwar tata, don ta ce ba za ta iya zuwa ita kaɗai ba. Muka yi sallama. Ya Falmata ta fito da fara'arta, ta shimfiɗa mana sabuwar tabarma a zaure, can inda ake tsayar da baƙi, ta kawo ruwa a kofin da ake ajiye wa baƙi. Jawahir ta durƙusa, ta ce, "Ya," wato uwa da Barbarci, sai kuka ya ci ƙarfinta.

Tsohuwar ta gyara zama, ta juyo da kumatunta wajen haske.

"Sannu da hanya, Dakta," in ji ta. "Wani hoton za a ɗauka?"